Filtar iska da tankin babur: me za a wanke, me za a sauya?

Tambaya: Babur ɗina ya fara shan mai fiye da da, kuma idan na murɗa totur sai ya riƙa nauyi. Wani abokina ya ce in ciro filtar iska in wanke ta da fetur, wani kuma ya ce in jefar da ita in sayi sabuwa. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, kafin ka bi maganar kowa a cikinsu, buɗe akwatin filtar ka ga ko wace iri ce a ciki, domin amsar ta dogara ne a kan haka. Yawancin babura suna zuwa ne da ɗaya daga cikin iri biyu, ta soso ko ta takarda mai naɗe-naɗe. Ta soso an yi ta ne domin a riƙa wankewa ana mayarwa. Ta takarda kuwa ba a wanke ta ko kaɗan, saboda ruwa yana kumbura zarurrukanta ya toshe ƙananan ƙofofin da iska ke bi, ta bushe tana kama da mai tsabta alhali ta lalace. Idan busasshiyar takarda ce, za ka iya bubbuga ta a hankali ƙurar sama ta zube, sannan ka ɗaga ta saitin haske. In hasken ba ya ratsa ta, kwananta ya ƙare. Akwai kuma takardar da ake jiƙawa da wani mai mai danƙo tun daga masana'anta, irin wadda Honda ke sanyawa a wasu ƙananan baburanta, kuma ita ko hura ta da iska ba a yi, sauyawa kawai ake yi idan lokacin da littafin babur ya faɗa ya cika.

Alamun da ka ambata sun yi daidai da toshewar filta. Inji yana buƙatar iska mai nauyin kilo 14.7 domin ƙona kilo ɗaya na fetur yadda ya kamata, wato lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000, kuma duk ta cikin wannan ɗan soson ko takardar take wucewa. Idan hanyar ta ƙuntata, babur mai kafireta yakan zuƙi mai da yawa da iska kaɗan, sai ƙarfi ya ragu, salansa ta fara fitar da baƙin hayaƙi. Kwance fulogi ka duba bakinsa: idan ka tarar da busasshen baƙin kunkunniya mai goguwa a yatsa, to man ya yi wa iskar yawa.

In ta soso ce, ban goyi bayan fetur ba, domin yana cin gam ɗin da ya haɗa bakin soson, yana sa shi ya yi saurin ruɓewa, ga kuma haɗarin gobara. Yi amfani da kananzir, ko ruwa mai ɗumi da sabulu, ka riƙa matsa soson a tafin hannunka kada ka murɗe shi, saboda murɗawa ce ke yaga shi. Bar shi ya bushe sarai a inuwa, sannan ka zuba masa man filta, ka mulmula har ya ratsa ko'ina, ka matse rarar har ya zama yana da danƙo amma ba ya ɗiga. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki suna zaton busasshen soso ya fi tsabta, alhali man shi ne ke cafke ƙura, soson wurin zamansa ne kawai. Kafin ka ciro filtar ka goge bayan akwatin, bayan ka ciro ta kuma ka toshe bakin da ke zuwa kafireta da tsumma mai tsabta, kada ka manta ka cire shi kafin ka rufe.

Idan soson ya fara marmashewa a hannu, ko ka ga ƙura ta kwanta a ɓangaren akwatin da ke bayan filta, sayi sabuwa ba tare da jinkiri ba. Yagaggiyar filta ta fi toshasshiya illa nesa ba kusa ba: toshasshiya fetur take ɓarnatarwa, yagaggiya kuwa tana barin ƙwayoyin yashi su shiga su goge ringi da bangon silinda, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa sai an sauke inji. Wajen saye, ka fi mayar da hankali ga robar gefe, ta zauna daram a mazauninta ba tare da wata kafa ba.

Tambaya: Na ga ana sayar da filta mai buɗaɗɗen kai da ake ɗaurawa a bakin kafireta, ana cewa tana ƙara gudu. In saya?

Amsa: Ga babur na zirga-zirgar yau da kullum, ban ba ka shawara ba. Tana ƙara iska, amma in ba a sake daidaita kafireta ba, mai zai yi kaɗan, inji ya riƙa zafi, ga shi ruwan sama da ƙura suna samun ta kai tsaye.

Tambaya: Na sayi babur na hannu, na haska tocila cikin tanki na ga tsatsa. Shin in sayi maganin shafe cikin tanki, ko in sayi sabon tanki, ko in ƙyale shi?

Amsa: Ƙyalewa ba ta cikin zaɓi, domin garin tsatsar zai bi mai ya toshe ragar famfon tanki da ƙananan ƙofofin kafireta. Tsatsa tana samuwa ne daga ruwa: iska mai laima tana shiga tankin da ba a cika ba, ta zama raɓa a bango idan gari ya yi sanyi, ruwan kuma da yake ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda rizab, wato hanyar ragowar man ƙasan tanki, ke jan mai. Fetur ɗin da aka gauraya da sinadarin itanol, kamar wanda ake kira E10, yana ƙara janyo laima idan ya daɗe a ajiye.

Idan tsatsar ta sama-sama ce, aikin gida ne. Juye man a waje, nesa da wuta, ka kwance famfon da na'urar auna mai, saboda ruwa mai tsamin da za ka wanke tankin da shi yana cin ƙarfen da aka yi su da shi, ka toshe ramukan. Zuba 'yan notuna ka jijjiga sosai domin ɓamɓaro abin da ya yi laushi, ka ƙirga su kafin da bayan fitarwa, sannan ka cika tankin da farin binega ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. Bayan ka zubar, ɗauraye da ruwan da aka narka bekin soda a ciki domin kashe tsamin, ka busar da shi nan take ka cika shi da fetur, domin ƙarfen da aka wanke yakan sake yin ja cikin 'yan sa'o'i idan aka bar shi a jiƙe. Ƙara ƙaramar filtar mai a kan tiyo, kibiyarta na kallon kafireta. Irin wannan ta roba ba ta dace da babur mai injekta a madadin kafireta ba, domin can na'ura ce ke tura man da matsi.

Maganin shafe ciki ina ajiye shi ne ga tankin da tsatsa ta yi wa ƙananan ramuka, kuma sai an wanke an busar da kyau, in ba haka ba yakan ɓare ya zama matsalar da ta fi tsatsar wuyar fitarwa. Idan kuwa ka ga fenti ya kumbura a gindin tanki, ko mai yana tsattsafowa ta wurin haɗi, sayi wani tankin. Kada ka kusantar da tsohon tankin ga wutar walda a gida ko da ka juye man, saboda tururin fetur da ya rage a cikin tankin da babu komai ya isa ya tarwatsa shi.