Na samo takardu bayan na kai ƙara, kotun haraji za ta karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina saye ina sayarwa, ina kuma yi wa wasu 'yan kudu sayayya su ba ni la'ada. Hukumar haraji ta jiharmu ta yanka mini harajin shekara uku, ta lissafa duk kuɗin da ya shiga asusuna na banki a matsayin nawa. Na rubuta musu cewa kuɗin ya yi yawa, suka ƙi ragewa, sai na kai su kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ba a ma fara sauraro ba. Yanzu tsohon yaron shagona da ya koma ƙauye ya kawo mini littafin da yake rubuta lodi da sunayen masu kaya, da ajami ya rubuta. Na kuma gano cewa wani kamfanin abincin kaji da nake kai wa masara yana cire haraji daga kuɗina kafin ya biya ni, amma ba a sa wannan a lissafi ba. Wani ya ce mini tunda ban kawo su tun farko ba, sun tashi a banza. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ba su tashi a banza ba. Wanda ya faɗa maka haka ya ɗauko ƙa'idar manyan kotuna ne ya ɗora a kan matakin da kake, alhali ba ɗaya ba ne. A inda kake yanzu ƙofa a buɗe take, gaba da nan ne take ƙuntata sosai, shi ya sa abin da za ka yi cikin makonnin nan ya fi duk abin da lauya zai iya yi maka daga baya.

Kotun da ka je, dokar hukumar haraji ta tarayya ta 2007 ce ta fara kafa ta, kuma tana zama a shiyyoyi takwas. A arewa akwai ta Kaduna, da ta Bauchi, da ta Jos, ga kuma ta Abuja. A gabanta ne ake fara jin shaidu, a karɓi takardu, a yi wa mai shaida tambayoyi. Musayar wasiƙun da kuka yi da hukuma ba shari'a ba ce. Don haka takardar da jami'in haraji bai gani ba, ba dole ne ta mutu a nan ba. Sai dai tsarin kotun shi ne mai ƙara ya haɗa komai tun ranar shigarwa: dalilan ƙararsa, sunayen shaidunsa, bayanansu na rantsuwa a rubuce, da kofin duk takardar da zai dogara da ita. Abin da ya zo bayan haka sai da izinin kotu. Lauyanka zai rubuta takardar neman izini, ya haɗa da rantsuwar da ke bayyana me ya sa ba a kawo tun farko ba, a ba lauyan hukuma kofi domin shi ma ya samu damar mayar da martani. Uzurinka kuwa mai kyau ne: littafin ba ya hannunka, yana wurin yaron da ya bar aiki. Ka faɗe shi yadda yake, kada a yi masa ado.

Abubuwa biyu ka kawo mini, kuma hanyarsu daban.

Littafin sabuwar hujja ce a kan tsohon dalili. Tun farko ka ce kuɗin ya yi yawa, littafin zai nuna ta ina ya yi yawa. Kuma nauyin nunawar a wuyanka yake, domin a ƙarar haraji mai ƙorafi ne zai tabbatar cewa abin da aka yanka masa ya wuce kima, hukuma ba sai ta fara wanke kanta ba. Wasiƙar da ka rubuta ta "ya yi yawa" kawai, ba lamba ba takarda, ita ce ta sa suka ƙi ka cikin sauƙi. Jami'in da bai ga littafi ba da ƙiyasi yake aiki, ƙiyasin da ya fi masa sauƙi kuwa shi ne ya tara duk abin da ya shiga asusu. Ga mai hatsi wannan mummunan lissafi ne. Mutumin Anacha zai turo maka naira miliyan 30 na tirelar masara, ka saya, ka biya 'yan dako da kuɗin buhu da na mota, abin da zai rage maka bai taka kara ya karya ba, amma a takardar banki miliyan 30 ɗin nan da sunanka ta shiga.

To amma littafi shi kaɗai ba ya magana. Turanci ne harshen kotun, takardar da aka rubuta da Hausa, boko ko ajami, sai an fassara ta, kuma mai fassarar ya zama wanda zai iya rantsuwa a kan aikinsa idan an kira shi. Yaron da ya rubuta shi ma sai ya ba da bayanin rantsuwa, ya zo ya tsaya lauyan hukuma ya yi masa tambayoyi. Ka shirya kuɗin motarsa tun yanzu, ka kuma tabbata zuciyarsa na tare da kai, idan akwai wani haƙƙinsa da ya maƙale a wurinka ka sallame shi. Abin da zan fi ja maka kunne a kai: kada ka sake kwafe littafin a sabon littafi don ya yi tsabta, kada ka cike gurbin da aka bari, kada ka gyara ko da lamba ɗaya. Tsohon littafi mai maiƙo da yagaggen bango ya fi sabo daraja a gaban alƙali. Sabon biro a shafi guda ya isa ya sa a yi shakkar littafin duka.

Aikin gaske na akanta ne. Ya ɗauki takardar bayanan asusunka ta shekarun ukun, ya ajiye ta gefen littafin, ya bi su layi-layi: ga ranar da kuɗi suka shigo, ga sunan mai turowa, ga lodin da aka yi masa, ga lambar mota, ga la'adar da ta rage. Duk inda biyun suka haɗu, hujja ta tsayu. Idan masu kayan za su ba ka wasiƙa ko takardun lodinsu, ya ƙara ƙarfi. Saƙonnin WhatsApp da alat na waya su ma suna shiga, amma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ce abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta sai an haɗa shi da takardar tabbacin na'urar da ya fito daga cikinta. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su bugo hotunan saƙo tuli guda a ƙi karɓa.

Ka sani kuma littafin nan ba kai kaɗai zai yi wa aiki ba. La'adar da ke ciki kuɗin shiga ce, akwai haraji a kanta. Idan akwai cinikin hannu da hannu da bai bi ta banki ba, lauyan hukuma zai gan shi. Ka zauna da akanta ku fitar da gaskiyar abin da ya hau kanka, ka biya wannan ɓangaren, ka yi jayayya a kan sauran. Mai ƙarar da ya biya abin da bai musa ba, ana saurarensa da wani kunne daban.

Maganar kamfanin abincin kaji kuwa sabon dalili ce, ba ta cikin takardar ƙararka. Kotu a kan dalilan da aka rubuta mata take hukunci, don haka ko ka kawo rasit ɗari, idan ba a gyara takardar ƙarar an ƙara wannan dalilin ba, lauyan hukuma zai ce ba abin da aka zo yi ba ke nan. A nemi izinin gyarawa a cikin takarda ɗaya da ta littafin. Harajin da ake cirewa tun daga tushe biyan gaba ne, ya kamata a ɗebe shi daga abin da ake bin ka. Amma cirewa daban, kaiwa daban. Je ka kamfanin ka karɓo shaidar cewa sun zuba kuɗin a asusun hukumar jiharka da sunanka da lambar harajinka. Idan sun cire ba su kai ba, ko sun kai wa wata hukuma, da su za ka fara.

Tunda za a taɓa takardar ƙarar, lauya ya duba shekarun da aka yanka maka. A ƙa'ida hukuma ba ta komawa baya fiye da shekara shida, sai in akwai zamba ko ƙin biya da gangan ko sakaci. Ya kuma duba wace doka ce ta hau kowace shekara, domin sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026.

Wasu 'yan kasuwa kan riƙe takarda mai ƙarfi, wai sai an je sama su fito da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga kotun haraji, wanda bai gamsu ba babbar kotun tarayya yake zuwa cikin kwana 30, kuma a kan kuskuren doka kawai, ba a sake zaman jin shaidu. Manyan kotunan Najeriya suna bin sharuɗɗa uku kafin su karɓi sabuwar hujja a ɗaukaka ƙara, waɗanda suka samo asali daga shari'ar Ladd da Marshall ta Ingila a 1954, Kotun Ƙoli kuma ta bi su a shari'ar Asaboro da Aruwaji a 1974: hujjar ta zama wadda ko an yi iya ƙoƙari ba za a same ta a lokacin shari'ar farko ba, ta zama mai tasiri a kan hukunci, kuma ta zama abar gaskatawa. Littafin da yau yake cikin shagonka ya riga ya faɗi sharaɗin farko idan ka bari sai can.

Kada kuma ƙarar ta hana ka komawa ofishin hukumar. Idan akanta ya gama haɗa lissafin, ku kai musu kofi da wasiƙa, ku karɓi hatimin shaidar karɓa. Sau da yawa idan jami'ai suka ga lambobi sun zauna, sukan yarda a daidaita, kotu ta ba da lokaci, abin da aka amince a kai a kawo mata ta mayar da shi hukunci. Asalin littafin dai kada ya kwana a ofishin kowa, kofi za ka riƙa bayarwa har ranar da kotu ta nemi ganinsa.