Indiyawa da Iraniyawa: wa ya ari ƙirga wajen wani?

Tambaya: Malam, a finafinan Indiya ina jin suna ce wa biyar "paanch", goma "das", sai wani abokina da ya yi karatu a Iran ya ce su can "panj" da "dah" suke cewa. Wa ya kwaikwayi wani?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan dai babu aro, gado suka ci. Hindi da Urdu da Farisanci da Kurdanci da Pashto duk kakansu ɗaya, wani tsohon yare da ba a taɓa rubuta shi ba, masana sun gano shi ne ta hanyar jera Sanskrit na Indiya da Avesta na tsohuwar Iran suna kwatantawa.

Abin da ke raba gado da aro shi ne yadda sauti ke sauyawa bisa ƙa'ida. Inda Sanskrit ke da "s" a farkon kalma, ɓangaren Iran sai ya mai da shi "h". Bakwai a Sanskrit sapta, a Avesta hapta, Farisancin yau haft, Hindi kuma saat. Dubu a Sanskrit sahasra, Farisanci hazar. To nan ne abin ya yi daɗi, don Bahindi na yau "hazaar" yake cewa, kuma wannan "h" ɗin shi ya tona asiri, wannan kam aro ne daga Farisanci, kamar yadda mu muka ɗauko ashirin da talatin daga Larabci amma ɗaya zuwa goma ba mu ara wajensu ba.

Hujjar da ta fi burge ni ma ba daga Indiya ko Iran ta fito ba. A Hattusa, babban birnin tsohuwar daular Hittiyawa, cikin Turkiyya ta yau, an tono allunan laka ɗauke da bayanin horar da dawakin yaƙi na wani Kikkuli mutumin tsohuwar daular Mitanni, wajen shekara 1400 kafin haihuwar Annabi Isa. Rubutun da yaren Hittiyawa ne amma in ya zo ƙirga zagayen da doki zai yi sai ka ga aika, tera, panza, satta, wato 1, 3, 5, 7. Wannan aika ɗin ya fi kusa da eka na Sanskrit fiye da aeva na Avesta, shi ya sa masana da yawa ke jingina masu dawakin nan da reshen Indiya duk da a arewacin Siriya suke zaune.