Me Ya Sa Kayana Suke Saurin Tsufa Alhali Ina Wanke Su Sosai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da damuwa kan tufafin gidana. Atamfa sabuwa fil, ba ta yin wata huɗu sai launinta ya koɗe, fararen rigunan maigidana kuma sun koma ruwan ɗorawa a wuya da hammata, wasu har wuyan ya fara cinyewa. Kuma ba ƙyuya nake yi ba: nakan jiƙa kaya su kwana a ruwan omo mai yawa, in goge da buroshi, in sa wa farare bilic a kowane wanki, in shanya su wuni guda a rana. Ina kuskuren yake? — Wata uwargida

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙoƙarinki ba shi da laifi, sai dai ya yi wa kayan yawa. Duk abubuwan nan huɗu da kika lissafa suna fitar da dauɗa, amma kowannensu yana tafiya da wani abu na jikin yadin. Na daɗe ina duba tufafin da suka lalace, kuma mafi yawansu a wurin wanki suka mutu, ba a jikin mai su ba.

Bari in fara da abin da masana harkar wanki suka dogara a kai. A shekarar 1959 wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana cewa abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su tsabtace kaya: sabulu, cuɗawa, zafin ruwa, da lokaci. Idan aka rage ɗaya, sai a ƙara wani ya cike gurbinsa. Amfanin sanin wannan shi ne ba lallai ne a ƙure dukkansu ba. Ke kuwa kin ƙure uku a lokaci ɗaya, kin ƙara da rana. Abin da nake so ki koma yi shi ne ki sassauta hannu, ki rage sabulu, ki bar ruwa ya yi miki aikin na ɗan lokaci kaɗan da kika ƙayyade.

Buroshin nan shi ne na farko da zan karɓe daga hannunki. Ki ɗauki rigar da wuyanta ya cinye ki kai ta wurin haske, ki duba daidai inda wuyan yake naɗewa. Za ki ga wasu ƙananan gasu sun miƙe, zaren tsaye ya rage shi kaɗai, na kwance ya tsittsinke. Zaren auduga ƙananan silaye ne aka murɗa wuri ɗaya, kuma duk gogar buroshi tana fizge wasu daga ciki. Haka yake a atamfa: idan saman zaren ya yi gashi-gashi, haske yana warwatsewa a kansa, sai ido ya ga kamar launin ya dushe, ko da rinin yana nan. Wato rabin abin da kike kira koɗewa, karcewa ce. Ga wuyan riga, ki jiƙa wurin, ki goga masa sabulu ko ɗigon sabulun ruwa na wanke kwanuka, domin dauɗar wuya maiƙon jiki ce, ki ajiye minti 15 zuwa 20, sannan ki murza da yatsu a hankali. Za ki yi mamakin yadda take fita ba tare da faɗa ba.

Jiƙa kaya su kwana kuwa, fararen auduga suna iya jurewa, amma masu launi a'a. Omo yana da kaifi, kuma idan yadi ya daɗe a cikinsa rini yana saki, ya bi ruwa ya kama wani kayan. Minti 30 ya isa ga kayan da suka yi dauɗa sosai, atamfa da shadda kuwa minti 10 ma ya wadatar, a ruwan sanyi, kuma a juya cikinsu waje. Ki narkar da garin a ruwa tukuna kafin ki zuba kaya, kada ki barbaɗa shi a kan yadi kai tsaye, don ƙwayar da ba ta narke ba tana barin ɗigon fari a inda ta zauna. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: yawancin garin wanki yana ɗauke da sinadarin ƙara wa farare haske, wani ma da ɗan bilic a ciki. Ga farar riga wannan alheri ne, ga baƙin wando ko shuɗiyar atamfa kuwa shi ne yake sa su yi fari-fari. Masu launi mai duhu sun fi son sabulun ruwa ko sabulu marar kaifi.

Na san za a ce miki ki jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri don kada ta zuba. Gishiri yana da aiki a lokacin da ake rina yadi a masana'anta, amma bayan an gama rinin ba ya ɗaure launi. Abin da yake zuba a wankin farko rarar rini ce da ba ta kama zare ba, kuma gara ta fita. Ki wanke sabon kaya shi kaɗai sau biyu ko uku. Idan kina son ki san ko zai zuba, ki jiƙa farin ƙyalle ki danna a cikin kalmasar rigar na minti ɗaya, in launi ya fito a ƙyallen to kada ki taɓa haɗa shi da sauran.

Yanzu ga farare, inda na fi son ki saurare ni da kyau, domin maganin da kike sawa yana cikin abin da yake ƙara cutar. Ruwan ɗorawar hammata haɗin zufa ne da maiƙon jiki, sau da yawa har da sinadarin alminiyam da yake cikin man hana zufa. Bilic mai kulorin ba ya fitar da irin wannan tabo yadda ake zato, wani lokaci ma ƙara masa duhu yake yi. Idan kuma yadin yana da haɗin foliyesta ko nailan, ko ruwan da ake wanki da shi yana da ƙarfe a ciki, bilic da kansa yana iya mai da shi rawaya, kuma wannan rawayar da wuya ta fita. Ban da haka yana cin zaren auduga a hankali. Rigar da ake sa wa bilic kowane mako, wata rana za ki ja ta kaɗan ki ji ta yage ɓarr kamar takarda. Siliki da ulu da duk abin da yake da roba a jiki, bilic ba ya kusantarsu ko kaɗan.

To mene ne mafita? Kada farar riga ta kwana biyu da zufa a jikinta kafin a wanke, don tabon zufa da tsufa yake kamawa. A shafa sabulu a hammata kafin a jefa ta cikin ruwa. Idan rawayar ta riga ta zauna, ki nemi bilic ɗin da aka rubuta cewa na iskar oksijin ne, marar kulorin, ki narkar a ruwa mai ɗumi ki jiƙa na awa ɗaya ko biyu. Ya fi sauƙi a kan zare nesa ba kusa ba. Bula kuwa ba ta wanke komai, shuɗin da take sawa ne yake rufe rawayar a ido, don haka kada ta yaudare ki. Sannan ina roƙonki da babbar murya, kada ki taɓa haɗa bilic mai kulorin da wani ruwan wanke banɗaki ko wani abu mai tsami ko amoniya. Iskar da take tashi guba ce, tana ƙona huhu.

Ɗauraya ma tana da hannu a ciki. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba. Sabulun da ya wuce kima ba ya fita duka, yana maƙalewa a zare, ya sa yadi ya yi tauri, ya riƙa jan ƙura, idan kuma dutsen guga ya bi ta kansa sai ya gasa shi ya zama rawaya. Ki rage omon da kike zubawa da rabi ki gani, ki ɗauraye har ruwan ya fito garau. Inda ruwa yake da nauyi, wato wanda sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa saboda yawan sinadarin kalsiyam da magniziyam, sabulun sanda yana barin wani farin dusa a jikin kaya, a nan garin wanki ko na ruwa ya fi dacewa. Wajen matsewa kuma kada a murɗe kaya kamar igiya, musamman leshi da masu aiki a wuya. A dunƙule a danna ruwan ya fita.

Rana abokiyar fararen auduga ce, tana ƙara musu haske tana kashe wari. Masu launi kuwa haskenta yana karya rini, kuma ba ya dawowa. Ki duba tsohon zanen da ya saba wuni a igiya, za ki ga layi a tsakiya inda ya rataya, gefe ɗaya ya fi ɗaya haske. Ki shanya su a inuwa mai iska, cikinsu a waje, da sun bushe ki kwashe. Rigar sanyi ta ulu ko saƙa a shimfiɗe ake shanya ta, in an rataya nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo.

Tabo kowane da halinsa. Jini da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya manne. Maiƙo yana son sabulu da ruwa mai ɗumi. Tsatsa ba ta jin bilic, ƙara kama ta yake yi. Kuma duk tabon da bai fita ba, kada dutsen guga ya hau shi.

Ki saba duba ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a cikin rigunan kanti, alamominsa iri ɗaya ne a yawancin ƙasashe. Hoton baho da lamba 30 ko 40 yana nufin iyakar zafin ruwa ke nan a ma'aunin Salshiyas, in da hannu a cikin bahon to wankin hannu kawai. Alama mai kusurwa uku da aka soke tana nufin ban da bilic. Hoton dutsen guga mai ɗigo ɗaya zafi kaɗan ne, kimanin digiri 110, na su nailan. Ɗigo biyu kimanin 150, na ulu da makamantansa. Ɗigo uku kimanin 200, na auduga da lilin. Kaya masu duhu da masu aiki ta baya ake goge su, ko a ɗora siririn ƙyalle a kai, in ba haka ba su yi wannan ƙyallin da ba ya gyaruwa. Idan kina da injin wanki, ki ja zif ki rufe kafin ki saka, haƙoransa suna karce na kusa da shi, kuma kada ki cusa kaya har su kasa juyawa.

Ba kowane kaya ne yake buƙatar wanki don an sa shi sau ɗaya ba. Na ciki da safa da duk abin da ya sha zufa, waɗannan dole ne. Amma babbar riga ko mayafi ko wandon jins da aka sa na 'yan awanni, a rataye su su sha iska ya wadatar. Abin da za a ajiye na dogon lokaci kuwa sai an wanke shi ya bushe ƙarau, kuma ba tare da sitaci ba, don sitaci abincin ƙwari ne, danshi kuma shi yake kawo funfuna da baƙaƙen ɗigo. Kada ki ɗaure su a leda, yadi yana son numfashi. Idan kina sa kafur a cikin akwati, ki nisanta shi da kayan jarirai da inda hannun yara zai kai, domin yaro yana iya ɗaukarsa ya haɗiye, kuma ko tururinsa yana iya fasa ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD.

Rigunan maigida da wuyansu ya cinye, kada ki yar da su tukuna. In masu kwala ne, tela yana iya warware kwalar ya juya ta, ɓangaren da ya cinye ya koma ƙasa, lafiyayyen ya dawo sama.