Tambaya da Amsa: Aikin Lauyan Shari'ar Haƙƙin Ƙirƙira

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan aikin lauyan da ke tsayawa a kotu idan rigima ta ɓarke kan haƙƙin mallakar fasaha, musamman takardar mallakar ƙirƙira, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiri sabon abu domin kada wani ya kwaikwaye shi ba da izininsa ba. Ga tambayoyin da amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma wannan fanni ya shiga raina. Sai dai rabona da kimiyya tun sakandare. An ce mini tunda ni ba injiniya ba ce, kada ma in wahalar da kaina. Gaskiya ne?
Daga wata ɗalibar lauya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wanda ya gaya miki haka ya haɗa aiki biyu ne ya mai da su ɗaya. Akwai mai rubuta takardar neman mallakar ƙirƙira, ya bi ta a ofishin rajista har a amince da ita. Akwai kuma mai shiga kotu idan wani ya keta haƙƙin, ko idan ana neman a soke takardar. Na farkon ne sharaɗin kimiyya ya hau kansa. A Amurka, ba a barin mutum ya zauna jarrabawar wakilci a ofishin rajistar ƙirƙira sai ya nuna shaidar karatun kimiyya ko injiniyanci. Haka ma a ofishin rajistar ƙirƙira na Turai da ke Munik, inda bayan digirin kimiyya ake buƙatar shekarun horo a ƙarƙashin wani gwani. Amma mai tsayawa a gaban alƙali, lasisin lauya ya wadatar masa.

Duk da haka ba za mu ɓoye miki ba, manyan ofisoshin lauyoyi sun fi son wanda ya haɗa biyun, musamman a shari'ar magunguna da ta na'urorin sadarwa, inda takarda guda kan iya cika da lissafin da ba kowa ke gane shi ba. Abin da za a auna ki da shi shi ne, za ki iya zama da masanin sinadarai na tsawon yini, ki yi ta tambaya ba tare da jin kunya ba, sannan washegari ki maimaita wa alƙalin da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba abin da kika fahimta, cikin magana mai sauƙi, ba tare da kin karkata gaskiyar ba? Idan za ki iya wannan, akwai wurinki. Idan kuma kin ga lissafi na gundurar ki, fannin yana da faɗi. Shari'ar tambarin kasuwanci, da haƙƙin marubuta da mawaƙa, da sirrin kasuwanci, duk ba sa neman digirin kimiyya, kuma lauyoyi da dama ta nan suka fara.

Tambaya: Ni injiniyan lantarki ne, ina tunanin komawa makaranta in karanta lauya. Kafin in yi wannan kasada, ina son sanin ainihin abin da lauyan nan yake yi tun daga ranar da aka kawo masa ƙara har zuwa hukunci.
Daga wani injiniya

Amsa: Injiniya, ka fara cire hoton lauyan da ke tsaye yana zuba zance a gaban alƙali. Wannan yana zuwa, amma ƙaramin yanki ne na aikin. Mafi yawansa karatu ne.

Takardar mallakar ƙirƙira tana da zane-zane da dogon bayani, amma abin da kotu ke karewa shi ne jimlolin da ke ƙarshenta, masu lamba ɗaya, biyu, uku, waɗanda ake kira da'awa. Su ne kamar duwatsun iyakar fili, abin da ke cikinsu na mai takarda ne, abin da ke wajensu na kowa ne. Don haka aikin farko shi ne a ɗauki da'awar a yanyanka ta. A ce da'awa ta ɗaya ta ambaci na'urar tace ruwa mai bututun shiga, da matata mai hawa biyu, da murfin da ke rufe kansa idan ruwa ya cika. Lauya zai ja layi a tsakiyar takarda. A hannun hagu ya rubuta waɗannan sassa uku, kowanne a layinsa. A hannun dama ya sa hoton sashen da ya yi daidai da shi a cikin kayan da ake zargi, da lambar shafin littafin kamfanin inda aka bayyana shi. Sau da yawa sai an sayo kayan an kwance shi ƙusa-ƙusa an ɗauki hoto. Idan layi ɗaya ya zauna babu komai a gabansa, misali murfin nasu da hannu ake rufe shi, to ba a keta da'awar kai tsaye ba, ko da sauran na'urar ta yi kama da ta mai ƙara ƙwarai. A nan ne mutum irinka yake da riba, domin idonka zai ga abin da lauya zalla zai wuce.

Akwai ƙofa ta biyu, wato a ce abin da suka sa a madadin murfin aiki ɗaya yake yi, ta hanya ɗaya, ya ba da sakamako ɗaya. Kotuna da dama suna karɓar wannan hujja, amma tana da tarko. Dole ka nemo fayil ɗin duk wasiƙun da suka gudana tsakanin mai ƙirƙira da ofishin rajista. Idan a can baya ya taƙaita da'awarsa domin a amince masa, kotun Amurka ba ta cika barin sa ya dawo ya faɗaɗa ta a kan abin da ya saki da hannunsa ba.

Daga nan sai rigima kan ma'anar kalmomi. Shin "hawa biyu" na nufin biyu cif, ko biyu zuwa sama? Tun hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Markman a 1996, alƙali ne ke fassara da'awa, kuma akan keɓe wa wannan zama na musamman. Shari'o'i masu yawa a nan suke mutuwa, domin da zarar alƙali ya faɗi ma'anar kalma ɗaya, kowane ɓangare ya san inda iska ta dosa, sai a koma teburin sulhu.

Shi kuwa wanda ake ƙara, makami biyu yake riƙe da su a lokaci guda. Na farko, ban keta ba. Na biyu, takardar ma tun asali ba ta inganta ba. Domin tabbatar da na biyun, lauyoyinsa za su bazama neman duk abin da duniya ta riga ta sani kafin ranar da aka shigar da takardar, ko tsohuwar takardar mallaka ce daga Japan, ko maƙala a mujallar kimiyya, ko kundin digirin wani ɗalibi da ke ajiye a laburare, ko littafin tallar kaya. Idan takarda guda ta ƙunshi dukkan sassan da'awar, ƙirƙirar ba sabuwa ba ce. Idan kuma sai an haɗa biyu ko uku, tambayar ita ce ko ma'aikacin da ya san fannin daidai gwargwado zai haɗa su ba tare da wata hikima ta musamman ba. Wannan tambaya ita ce ta fi cin lokaci da kuɗi, kuma a kanta ne ƙwararrun masu ba da shaida na ɓangarorin biyu suke gwabzawa.

Sauran aikin ya haɗa da musayar takardun kamfani da yi wa shaidu tambayoyi bisa rantsuwa. Idan rigimar ta shafi manhaja, kotu takan ba da umarnin sirri, a ajiye rubutun manhajar a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, a ɗaki rufaffe, ka shiga ba waya, ka karanta, a iyakance maka yawan shafukan da za ka buga. Ƙarshe sai batun diyya, ko dai ribar da mai ƙara ya yi asara, ko kuɗin lasisin da ya kamata a ce an biya shi tun farko.

Tambaya: Barista ne ni, shekarata ta biyu da fara aiki, kuma an fara ba ni irin waɗannan fayiloli. Waɗanne kurakurai ne suka fi kayar da ƙara?
Daga wani matashin lauya

Amsa: Barista, kwanan wata ne a kan gaba, don haka ranar da fayil ya iso teburinka ka zana jadawalin ranaku kafin ka karanta komai. Wa'adin takardar shekara 20 ne daga ranar shigarwa, ba daga ranar amincewa ba. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba mai ƙirƙira wata 12 ya shigar a wasu ƙasashe yana riƙe da ranarsa ta farko, tambarin kasuwanci kuwa wata 6 ne. Wanda ya bi ta tsarin shigarwa na ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a 1970, galibi wata 30 yake da su kafin ya shiga ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. A Turai, duk mai ja da takarda yana da wata 9 daga amincewa ya kai ƙorafinsa ofishin rajista. A Amurka, wanda aka kai ƙara yana da shekara ɗaya daga ranar da aka miƙa masa sammaci ya nemi hukumar ofishin rajista ta sake duba ingancin takardar, kuma ba a biyan diyyar abin da ya wuce shekara 6 kafin shigar da ƙara. Ka kuma duba ko an biya kuɗin sabuntawa, domin takardar da ba a biya wa ba ta faɗi.

Sannan ka zauna da mai ƙirƙirar ka tambaye shi, ba sau ɗaya ba, ko ya taɓa nuna abin a baje koli, ko ya sayar, ko ya yi jawabi a kansa a taro kafin ya shigar da takarda. A Turai wannan kaɗai yana iya kashe takardar. Amurka ta yi sassauci na shekara ɗaya. Mutane ba sa faɗin wannan da kansu, ba don ƙarya ba, sai don ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Gara ka ji daga bakinsa a ofishinka da ka ji daga bakin lauyan abokin shari'a a kotu.

Kuskure na gaba shi ne rashin bin salsalar mallaka. Wa ya ƙirƙira, wa ya sa hannu ya miƙa wa wa, da wace kalma? Jami'ar Stanford ta sha kaye a Kotun Ƙolin Amurka a 2011 a shari'arta da kamfanin Roche, kuma tushen matsalar shi ne mai bincikenta ya yi mata alkawarin zai miƙa haƙƙinsa nan gaba, alhali a takardar da ya sa wa wani kamfani hannu ya miƙa ne nan take.

Ka yi hattara kuma da wasiƙar gargaɗi. A Ingila, barazanar ƙara marar tushe ga masu sayar da kaya tana iya jawo a kai wanda ya yi ta kotu. A Amurka kuwa, wasiƙa mai zafi tana ba wanda aka aika wa damar riga ka zuwa kotun da ya zaɓa. Kuma tun ranar da aka hango shari'a, ka rubuta wa wanda kake wakilta cewa kada a goge saƙo ko fayil ko ɗaya.

Tambaya: Idan mutum ya ƙware a wannan fanni a ƙasa ɗaya, zai iya aiki da iliminsa a ko'ina?
Daga wani mai karatu

Amsa: Ɗan'uwa, ginshiƙan kusan ɗaya ne, domin yarjejeniyar da ta fara aiki a 1995 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta daidaita mafi ƙarancin kariyar da mambobi za su bayar. Amma babu takardar mallaka ta duniya baki ɗaya, kowace ƙasa ko yanki da tata, kuma lasisin lauya ma haka yake. Tsarin kotu ya bambanta sosai. A Jamus, kotu ɗaya ke sauraron batun keta haƙƙi, a birane irin su Dusaldof da Manhayim, wata kotun tarayya daban a Munik ke duba ingancin takarda. A Amurka duk ɗaukaka ƙara kan ƙirƙira tana zuwa kotu guda a Washinton, wadda aka kafa a 1982. Ƙasashen Tarayyar Turai da dama sun buɗe kotun haɗin gwiwa a watan Yunin 2023. Shi ya sa rigima guda takan buƙaci tawagar lauyoyi a ƙasashe da yawa, da mutum ɗaya da ke tabbatar da cewa abin da aka faɗa a wannan kotu bai ci karo da na waccan ba.

Tambaya: Ana cewa akwai kuɗi a wannan aiki. Mene ne wahalarsa, kuma ta ina ake farawa?
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, akwai kuɗi, saboda abin da ake rigima a kansa babba ne. Kamfanin Polaroid ya kai kamfanin Kodak ƙara a 1976 kan kyamarar da ke fitar da hoto nan take, Kodak ya bar wannan kasuwa a 1986, kuma sai a 1991 aka rufe maganar da biyan dala miliyan 925. Apple da Samsung sun fara tasu a 2011, suka sasanta a 2018. Ki lura da shekarun, domin nan wahalar take. Lauya yakan zauna a kan fayil ɗaya tsawon lokaci, ya kwana yana shirya shaidu, sannan ana gab da fara sauraro a kira shi a ce an yi sulhu. Mafi yawan ƙararraki haka suke ƙarewa, kuma sulhu mai kyau nasara ce ga wanda ake wakilta. Akwai kuma ƙuntatawa, domin wanda ya ga sirrin wani kamfani ba zai tsaya wa abokin gogayyarsa a irin wannan batu ba.

Farawa kuwa ba ya buƙatar jiran kowa. Ana wallafa takardun neman mallaka bayan wata 18 da shigarwa, kuma rumbun Hukumar Haƙƙin Mallakar Fasaha ta Duniya da ke Janiba da na ofishin Turai a buɗe suke kyauta a intanet. Ki zaɓi takarda a kan wani abu da kika san yadda yake aiki, ki yanyanka da'awa ta ɗaya, ki cike jadawalin nan mai gefe biyu da kanki. Bayan haka ki karanta hukunci guda daga farko har ƙarshe, ki lura da kalmar da alƙali ya tsaya a kanta. Hukumar ta Janiba tana da kwasa-kwasan koyo daga nesa, ciki har da na share fage. Sannan ki nemi horo a ofishin da ke da irin waɗannan fayiloli da gaske, kuma ki tafi ganawar neman aikin da jadawalin da kika cike a hannunki.