Amsa ga mai ciwon baya a hanyar Garwa zuwa Ngaundere

Malam, ka ce kafin ka kai garin Mbe da ke kan wannan hanya ta Kamaru, bayanka da wuyan hannunka sun riƙe, kana tambaya ko kujerar babur ɗin za ka canza. Ni dai ina ganin ka fara duba kan babur ɗin, wato ƙarfen da kake riƙewa kana tuƙi, don gyaransa ba ya cin ko dala.

Ka hau ka zauna yadda ka saba, ka miƙa hannu. In sai ka ranƙwafa kafin ka kama, ya yi maka nisa. Sassauta notuna huɗun da suka riƙe shi, ka juyo da shi wajenka kaɗan, har gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa ta saki. Hannun birki da na kuloci kuma ka sauke su su bi layin damtsenka, kada wuyan hannu ya riƙa karyewa sama. Kafin ka ɗaure, juya kan hagu da dama har ƙarshe: kada ya taɓa tanki, kada wayar totur ta ja. Wannan kam ba abin wasa ba ne, musamman a kwanonin dutsen Ngaundere.

Batun kujera, mutane na son soso mai laushi, amma a doguwar tafiya lotsewa yake yi har ka ji ƙarfe. Ka ce wa mai ɗinkin kushin ya sa mai ɗan tauri, baya da faɗi, gaba siriri don ƙafarka ta kai ƙasa, kuma kada ya gangara wajen tanki. Ka guji baƙar leda, ka dai san ranar Garwa a watan Afrilu.

In za ka ɗora kaya ko goyo, ƙara wa shokozoban baya tauri.