Kada ku zaunar da Hajiya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ana yi muku gori a Tudun Wada, wai Hajiya da shekara 70 tana shara, tana takawa har Kasuwar Barci, ga 'ya'ya ga jikoki. Kana tambaya ko al'ada ba ta ce a hutar da babba ba.

Al'ada ta ce haka. Yaro ya ga babba da kaya ya karɓa, wannan tarbiyya ce, kada ku bari. Amma a gidan da muka tashi ba a hana tsohuwa motsi. Kakarku har ƙarshen rayuwarta tana jan guga, tana taɓa surfe, in ta idar da salla ta miƙe daga tabarma ba ta dafa kowa ba. Nauyin da ya fi ƙarfinta kawai ake ɗauke mata.

Tsoka ba ta son zama. Daga shekara 30 take fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Tsokar cinya ita ke ta da mutum daga sujuda, ita ke tare shi in santsi ya kwashe shi a banɗaki. In ta zube, faɗuwa ɗaya sai karayar ƙugu, kuma tsoho in ya kwanta jinya ko ta kwana goma ce, ƙafafunsa ramewa suke yi. Tsoka ce kuma ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke cikin jini, ka san ciwon suga ya yi yawa a danginmu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsofaffi su riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Abin da ya fi damuna shi ne abincinta. Don haƙori ya yi rauni sai ku bar ta da koko da safe, kunu da dare. Wannan ba ya gina jiki. A ba ta alale, ƙwai, awara, kindirmo, kifi, da naman da ya dahu luguf.

Ku bar wa 'yar'uwata tsintsiyarta. In za ta kasuwa, wani jika ya bi ta ya riƙo kayan. In gwiwa ta matsa mata ko tana jin jiri, ku kai ta asibiti a duba, likita ya faɗi aikin da za ta iya.

Ka gaishe ta, ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya so.

Kawunka