Tambaya da Amsa: Anti, in saka lambar akawun ɗina a Facebook ko in buɗe GoFundMe?

Wannan satin saƙonnin da suka shigo kusan duk magana ɗaya ce, tara kuɗin taimako ta waya. Tsadar magani ta kai mutane bango. Na ɗauko huɗu, ta farko ita zan fi daɗewa a kai dan amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Yayana ne yake fama da ciwon ƙoda, sau biyu a sati ake masa wankin ƙoda, mun saida adaidaita sahunsa, Umma ta saida 'yan kunnenta da akuyoyinta guda uku, yanzu wlh ba abin da ya rage sai gidan da muke ciki shi ma na gado ne. Wata ƙawata tace in buɗe GoFundMe wai Turawa suna turo daloli, wani kuma yace kawai in saka lambar akawun ɗina a Facebook. Ni kuma kunya nake ji kar 'yan unguwa su ce mun koma bara. Wanne zan yi? Ƙanwarki daga Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya ba Yaya lafiya Ya sa kaffara ne, Ya saka wa Umma da Aljanna. Maganar kunya ki ajiye ta gefe, wanda ya saida abin sana'arsa kafin ya buɗe baki ba mabaraci bane, kuma 'yan unguwar da kike tsoro ai sun riga sun sani, suna ganin fitarku asibiti da sassafe.

GoFundMe kamfanin Amurka ne mai shafin tara kuɗin taimako a intanet, tun 2010 yake. Abin da ƙawarki bata faɗa miki ba shine basa tura kuɗi akawun ɗin bankin Najeriya. Sai wanda yake zaune a ƙasashen da suka yarda da su, irin su Amurka da Ingila da Kanada, da akawun ɗinsa na can da shaidarsa ta can, shi zai buɗe shafin, kuɗin su faɗa hannunsa, sannan ya turo muku. Kinga kenan sai kina da wanda kika yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kuma ana yankar wani abu a duk kuɗin da aka tura, a Amurka kashi 2.9 cikin ɗari ne da senti 30. Akwai wani shafin irinsa, LaunchGood, wanda Musulmi suka kafa a Amurka a 2013, shi ma ki karanta sharaɗin cire kuɗinsu tun kafin ki wahalar da kanki. Sannan ki cire rai da wai akwai wasu Turawa zaune suna jiran labarin Kurna, ko a can ɗin ma yawanci wanda ya san mutum ko ya san wanda ya san shi ne yake bayarwa. In kuna da ɗan'uwa a waje mai jama'a, toh, a haɗa da wannan ɗin. In babu, ki tsaya gida.

A Kano abin da yake aiki shine lambar akawun, sitatus ɗin WhatsApp, guruf ɗin dangi, guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, sai Facebook. Amma dan Allah dan Annabi kar ki saka akawun ɗinki na yau da kullum. Bari in baki labarin kaina. Shekara biyu da suka wuce aka kwantar da wata maƙociyarmu za a yi mata tiyata, cikin gaggawa na saka akawun ɗina wanda albashina yake shiga, wanda da shi nake sayen data da gas da kuɗin makarantar yara. Kwana biyar alat yana ta shigowa, dubu biyu, ɗari biyar, dubu goma, ni kuma ina ta cira a wajen mai POS ina kai wa asibiti ban rubuta komai ba. Ranar da mijinta yazo godiya ya tambaye ni cikin ladabi nawa aka samu gaba ɗaya, wlh bakina ya mutu. Sai da na je banki aka bugo min takardar shige da ficen kuɗi shafi shida, na zauna bayan isha'i da jan biro da fitilar waya a baki dan an ɗauke wuta, ina ware nawa ina ware nasu, ƙarshe dubu 17 suka ƙi fitowa, na cika daga aljihuna, kuma har yau in muka haɗu da mutumin sai inji wani iri duk da bai taɓa cewa komai ba. Ban ci ko sisi ba amma bani da abin da zan nuna.

Saboda haka a buɗe sabon akawun da ba a taɓa komai da shi ba. In son samu ne da sunan Yaya, dan mai turawa yana ganin suna kafin ya danna, in yaga sunan ya yi daidai da na takardar asibiti hankalinsa ya kwanta. In ba zai iya ba, a yi na haɗin gwiwa, ke da wani babba da ake ganin girmansa, kawu ko na'ibin liman, kuɗi baya fita sai da sa hannun mutum biyu. Ki kula da matakin akawun ɗin kuma. Irin wanda ake buɗewa a waya cikin minti biyar, Opay ne ko PalmPay ko Moniepoint ko na banki, in matakin farko ne ƙa'idar Babban Banki bata barin kuɗin ciki ya wuce naira dubu 300. Sai kiga magana ta yaɗu, mutane na turawa yana dawo musu, kuma wanda kuɗinsa ya dawo sau ɗaya da wuya ya sake gwadawa. Ki kai BVN da NIN da shaidar adireshi a ɗaga shi tun kafin ki yi rubutun farko.

Shi rubutun ya zama gajere kuma da lissafi, ciwon kaza, asibiti kaza, wanki sau biyu a sati, kowane wanki nawa, allurar ƙarin jini nawa, abin da kuka riga kuka kashe, abin da ake nema. Ki ɗauki hoton takardar likita amma ki rufe lambar katinsa da adireshin gida. Hoton Yaya kuwa sai da izininsa, kuma a sa masa riga a zaunar da shi. Wannan abin da ake yi na ɗaukar mara lafiya ba riga, robobi a jiki, mahaifiya na kuka ana haska fuskarta, ni dai bana so, in Allah Ya ba shi lafiya bidiyon yana nan a wayoyin mutane, 'ya'yansa ma za su girma su gani. Minti ɗaya na mai unguwa ko liman yana cewa na san gidan nan, maganar gaskiya ce, yafi hawayen tasiri a wajen masu bayarwa da gaske.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mutane basa lura da shi, wankin ƙoda ba tiyata bace da za a biya sau ɗaya a huta. Rubutu yana tashe kwana uku ya mutu, wanki kuwa yana nan ranar Litinin da Alhamis. Gara ki samu mutum 30 ko 40 da za su ɗau alƙawarin wani abu duk ƙarshen wata, ko dubu biyu ne, ki haɗa su a guruf ɗaya, duk Juma'a ki tura musu abin da ya shigo, abin da ya fita, da hoton risit. 'Yan kasuwar Kwari da Singa akwai hannun kyauta amma 'yan lissafi ne, in suka ga risit za su ƙara, in suka ji shiru sun tafi kenan. Wanda yace shi kai tsaye zai biya asibiti ki ce masa bismillah, ki bashi yadda ake biya, hakan ma sauƙi ne a gare ki. Ki leƙa sashen walwalar marasa lafiya na asibitin, ki kuma rubuta takarda zuwa Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha. In likitoci sun kawo maganar dashen ƙoda, ana yinsa a nan Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002, sai ki ware lissafinsa daban kar ki cakuɗa da na wanki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Mun tara wa abokinmu kuɗin aikin tiyata a guruf ɗin ajinmu na sakandare, kafin a shiga da shi Allah Ya karɓi abinsa. Kuɗin na hannuna, wasu na cewa a ba matarsa, wasu a yi rijiya da sunansa, ni kuma kaina ya kulle. Daga wani ɗanki a Gwammaja.

AMSA: Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Ɗana kuɗin nan ba naka bane kuma ba na wanda yafi kowa surutu a guruf bane, mutane sun bayar ne dan abu ɗaya kuma abin bai yiwu ba. Fara biyan bashin asibiti in akwai. Sauran ka rubuta adadinsa har kwabo, ka faɗa a duk inda ka yi roƙon, ka ce ga shawarar da ake da ita, a ba iyalinsa, wanda bai amince ba ya yi magana cikin sati ɗaya a mayar masa da nasa. Zai yi wuya wani ya ce a dawo masa, amma a tambaya ɗin. Akwai kuma bambanci tsakanin kuɗin da aka riga aka damƙa wa mamacin ya zama nasa, wanda zai iya shiga gado, da wanda yake hannunka a matsayin wakili, wannan ka zauna da malami ka faɗa masa yadda abin ya gudana tiryan-tiryan. Ni da za a bi ta tawa, mace da marayu a gidan haya sun fi buƙata akan rijiya. Kuma ka goge lambar akawun ɗin daga ko'ina yau ɗin nan, dan rubutun yana ci gaba da yawo.

TAMBAYA: Hajiya ina da mabiya da yawa a Facebook da TikTok, ina tara wa mabuƙata kuɗi, ina cire kashi goma na wahala da mai da data. Wani yace haram nake ci. Ai masu aikin zakka ma Alƙur'ani ya basu kaso ko? Daga Hotoro.

AMSA: Malam, aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci masu aikin zakka cikin mutum takwas da ake ba zakka, gaskiya ne, amma malamai suna fassara su da waɗanda hukuma ta naɗa, ba wanda ya naɗa kansa da waya ba. Tambayata ɗaya ce, masu turowa sun san kana cira? In ka rubuta ɓaro-ɓaro a kowane roƙo cewa kashi kaza na zirga-zirga ne, wanda ya ga dama ya bayar, wannan wata magana ce. In kuwa ka ce duka na mara lafiya ne sannan ka yanka a ɓoye, ko ba a je ga malamai ba doka ma tana jiranka, dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya da ƙarya. Tunda abin ya zama aiki, ka daina amfani da akawun ɗinka, ku yi rajistar ƙungiya da amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ana buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan ku karɓi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, banki zai nema kafin ya buɗe muku akawun ɗin ƙungiya. Ka yanka wa kanka albashi sananne kowa ya gani a lissafi.

TAMBAYA: Anti ni mai bayarwa ce ba mai nema ba, ya zan gane na gaskiya? Sau biyu ina ganin hoton yaro ɗaya da akawun daban-daban. Daga Sharaɗa.

AMSA: Kin riga kin gano hanya ɗaya da kanki. Lokacin ambaliyar Maiduguri a watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, lambobin akawun sun yi ta yawo a waya, ni waɗanda na san fuskarsu da ofishinsu kawai na ba. Ki saka hoton a Google Lens zai nuna miki inda ya taɓa fitowa. Ki duba sunan da ya fito kafin ki danna tura, ki kira lambar ki tambayi asibiti da ɗaki da gado, ki ce ƙaninki zai leƙo da yamma da ɗan abin dubiya. Na gaskiya murna zai yi har ya kwatanta miki ƙofar da za a shiga, ɗayan kuma nan take zai ce an hana shiga ko network ba kyau. In saƙon daga akawun ɗin wata ƙawarki ya zo a WhatsApp, kira ta ki ji muryarta tukunna, ana sace akawun a yi roƙo da sunan mutum. Duk wanda kuma ya ce ki turo masa lambobin da aka aiko miki ta tes wai dan a saka ki a guruf ɗin taimako, kashe wayar kawai.

Mai tambaya daga Dorayi da ya turo hoton takardar asibiti ba tare da ya rubuta komai ba, ka sake turowa da bayani, hoton ma bai fito sosai ba.